Sadakar Uku a Tandar Inna

Ban taɓa ganin teku ba. Shekarata huɗu a Alƙahira, kullum ana ce mini ai ga shi nan kusa, tafiyar 'yan awoyi ce a jirgin ƙasa, ban je ba. Amma shi tekun ya biyo ni har ɗakin girkina a hawa na uku, ya sa na yi abin da har yau in na tuna sai in ji fuskata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni mace ce mai gaggawa. Mahaifiyata takan ce ko a cikinta ban iya jiran wata tara ba. Da na gama sakandare a Funtuwa na auri Malam, ya samu gurbin karatun addini a Masar, na biyo shi. Muna zaune a Hay el-Sabi', unguwar da in ka tsaya bakin titi minti biyar sai ka ji wani yana waya da Hausa. Shi yana karatu, ni ina toya waina ina sayar wa ɗalibai. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, kamar don waina aka halicce ta. Abin da babu shi ne tanda. Na zaga kasuwar Ataba lungu-lungu har ƙafata ta kumbura, na ga tukwanen da ban san ana yin irinsu ba, tanda kam babu.

Inna ce ta ba ni aron tata. Tsohuwa ce da ke zaune a hawa na biyar a benenmu, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Hausarta irin ta da ce, ta cakuɗe da Larabcin can. "Ya bitti" take ce mini, wato 'yata. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, tun daga hawa na huɗu hancinka zai gaya maka ka kusa ƙofarta. Tandar ta ƙarfe ce, baƙa ƙirin, mai gurbi bakwai. Gurbi ɗaya ya ɗan lotsa a gefe, duk wainar da ta fito daga cikinsa sai ta zo da ɗan kunne. Ta ce ta uwarta ce. Ranar da ta miƙo mini ta ce, "Aro ne, ba kyauta ba. In kika wanke mini ita da sabulu, da shi zan wanke ki."

Da na yi ɓari a shekarata ta biyu, ita ta sauko ta dafa mini ruwan zafi, ta dama mini kunu, ta yi sati tana hawa da sauka da gwiwarta mai ciwo. Na faɗi wannan ne don a san wa na yi wa abin da na yi.

Ɗa ɗaya gare ta a duniya. Yana aiki a gidan burodi a wani gari na bakin teku a Libiya, a nan yake kwana, a ƙasan ginin. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira ta. Sau ɗaya na gan shi, da ya zo hutu. Ya tarar da ni ina jan buhun shinkafa a matakala, ya ɗauka kamar matashin kai, ya ce, "Ke ce kika ƙwace wa uwata tanda? To ladan dakona waina biyu, masu ƙonannen gefe."

Sai aka yi wata guguwa, wadda ba a lokacinta ta zo ba. A nan ruwan sama na lokacin sanyi ne, shi ma tsiyaya. Wannan kuwa zafi bai gama tafiya ba, ko bargo ba a fito da shi ba. An yi ta faɗa a waya cewa wata iska ta taso daga tsakiyar teku tana juyawa, ta nufo gaɓa. Mu a Alƙahira abin da muka samu, sama ta yi ja, aka yi yayyafin da bai kai ya jiƙa shanya ba. Har na yi tsaki na ce wa Malam, "Wannan ce guguwar da ake ta kururuwa? A garinmu ko kaza ba ta fakewa."

Washegari hotuna suka fara shigowa. Ruwa ya gangaro daga tsaunuka ta kwarin da ya ratsa garin, ya kwashe tsakiyar garin gaba ɗaya ya zuba a teku. Ba rushewa gidajen suka yi ba, babu su ne kawai, sai jar laka shimfiɗe kamar an share tsakar gida. Motoci a kan rufin bene. Tekun kansa ya koma kalar kunun kanwa. Malam ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya ce a hankali, "Garin da ɗan Inna yake ne."

Na hau da gudu. Na same ta zaune a ƙasa kusa da soket, ƙaramar wayarta mai madannai tana caji a cinyarta. Ta kira, ba ta shiga. Ta jira kaɗan, ta sake kira. Ta ce, "Layi ne ya lalace, ya bitti. Ko ruwan kirki aka yi sai layinsu ya ɗauke." Na zauna da ita har la'asar, ta kira ya fi a ƙirga. Ban ce komai ba, kuma rashin cewa komai ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Rana ta biyu wani ɗalibi da ya taɓa zama a garin ya nuna wa Malam hoton unguwar kafin ruwa da bayan ruwa. Ya sa yatsa ya ce nan gidan burodin yake, bakin kwarin. A hoto na biyu inda yatsansa ya sauka laka ce. Na leƙa ta kafaɗar Malam na gani da idona, na ce inna lillahi, a raina kuma na rufe maganar. Mutumin da ke barci a ƙasan gini, a bakin kwari, ina zai bi?

Na ce wa Malam, "Sai a gaya mata."

Ya ce, "A gaya mata me?"

"Abin da kowa ya sani."

"Ba wanda ya san komai. Ki yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi."

Haƙuri. Kalmar da na fi tsana a bakinsa ke nan, don da ita yake amsa komai, daga famfo ya lalace har gas ya ƙare.

A gidanmu ba a barin mamaci haka nan. Ranar uku ana toya waina a raba, mutane su zo su yi addu'a. Da babana ya rasu, maƙwabciyarmu ce ta jiƙa shinkafar ba tare da ta tambayi kowa ba, don mai makoki ba a tambayarsa, yi masa ake yi. Har yau mahaifiyata tana sa wa matar albarka. To ni abin da ya tsaya mini ke nan. Ga bawan Allah ya mutu a ƙasar da ba tasa ba, ba wanka, ba likkafani, ba sallah. Uwarsa ba ta da kowa a nan sai mu. In ban yi ba wa zai yi? Na ga kaina ina saka wa Inna alherin ruwan zafinta. Wallahi abin da na gani ke nan. Na kuma ga mutane suna cewa matar Malam ta kyauta, wannan ma na gan shi, ba zan ɓoye ba.

Da yamma na jiƙa shinkafa mudu uku. Malam ya gani ya ɗauka ta sayarwa ce, ni kuma ban gyara masa ba. Ita waina haka take, da ka zuba wa shinkafar ruwa ka gama yanke hukunci, sauran duk bin baya ne. Da safe na niƙa, na zuba yis da yawa don ƙullin ya tashi da wuri. Malam ya fita darasi can cikin tsohon gari. Na ɗora tandar Inna na toya har hannuna ya gaji.

Bayan sallar azahar na tsaya a ƙofar masallacin da ɗalibanmu suka fi zuwa, da roba biyu cike. Duk wanda ya fito na miƙa masa na ce, "Sadakar uku ce ta ɗan Inna mai turare, wanda ruwan Libiya ya ci. A sa shi a addu'a." Suka yi ta salati suna karɓa. Wani babba a cikinsu, mai farin gemu kaɗan, ya ce ashe an tabbatar? Na ce an tabbatar. Ban ko ƙifta ido ba. Ya ce to ai haƙƙi ne a je a yi mata gaisuwa.

Su bakwai suka biyo ni. Ni ce a gaba, da faranti a hannu na rufe da kyalle mai tsabta, rabon Inna. Ina hawa matakalar nan ina jin kaina kamar wata babbar mace.

Ƙofarta a buɗe take. Tana nan inda na bar ta, kusa da soket. Ta ga maza sun cika ƙofa, sai fuskarta ta buɗe, ta yunƙura za ta tashi. Ta ɗauka labari suka kawo. Wannan yunƙurin nata shi ne abin da ya fi ƙin barina.

Suka zauna a tabarma. Mai gemun ya ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa shahada ce, don wanda ruwa ya ci shahidi ne."

Ta dube shi. Ta dubi sauran. Ta ce, "Wa ya mutu?"

Kawuna bakwai suka juyo gare ni.

Na ajiye farantin a gabanta na ce, "Inna, yau kwana uku."

Ta ɗaga kyallen. Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa yatsa biyu ta ɗauko guda ɗaya, mai ɗan kunnen nan, ta juya ta.

"A tandata kika toya?"

"Eh."

"Kin ga gawarsa?"

"Inna, an nuna mini hoton wurin. Babu komai a..."

"Gawarsa na ce. Kin gani? Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi?"

Da na yi shiru a nan da da sauƙi. Amma ni ce. Na ce, "Ai ba wanda ke kwana uku a ƙarƙashin ruwa. Gara a yi masa sadaka ya samu lada da a zauna ana danna waya."

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce subhanallah ƙasa-ƙasa. Inna ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da na fi so. Ta mayar da wainar cikin faranti, ta rufe kyallen, ta tura mini da bayan hannu. Ta ce, "Ni na haife shi ban binne shi ba, ke kin binne mini shi da shinkafa." Sannan ta dubi mazan ta ce, "Kun ci?" Suka sunkuyar da kai. Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Allah ya ba ku ladan tattaki. Ba a yi mutuwa a gidan nan ba." Ni kuma ta ce mini, "Kawo mini tandata."

Na kawo ta da sauran ɗuminta.

Labari ya riga ni zuwa wurin Malam. Ya shigo bai ko cire takalmi ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, shi kuwa in ransa ya ɓaci littafi yake buɗe mini da baki. Ya ce wanda ya ɓata ba a san rai ko mutuwa ba, mafƙudi sunansa a shari'a, shekaru ake jiransa, ba a raba gadonsa, ba a ɗaura wa matarsa aure.

Na ce, "Ni ba gado na raba ba, waina na raba."

Ya ce, "Kin ce wa mutane an tabbatar. Wa ya tabbatar?"

Na shige ɗakin girki na hau wanke kwanukan da na riga na wanke.

Kwanaki suka bi. Ba tanda, ba sana'a, amma ba wannan ne ya dame ni ba. In mun haɗu da Inna a matakala ina gaishe ta, ta amsa daidai tsawon gaisuwar, ba ƙari, ba "ya bitti". In na ji takunta sai in tsaya bayan ƙofa har ta wuce. A raina kuwa ban sauka ba. Ina ta ce wa kaina hanyar ce ba ta yi kyau ba, amma maganata gaskiya ce, za su gani.

Rana ta tara da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, tana haki. Ba ni ta duba ba, Malam ta nema. Wani ya kira ta daga can, ya ce akwai wani baƙin mutum da aka tsinta a gaɓa da rai, yana kwance a asibitin wani gari, ba ya magana, ba takarda a jikinsa. Za a turo hoto, wayarta kuwa ba ta buɗe hoto. Malam ya ba da lambarsa. Muka tsaya mu uku a tsakar ɗaki, hoton yana ta juyawa bai buɗe ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Malam. Lokacin da hoton nan ke juyawa, Inna tana motsa baki tana addu'a, abin da ya fara zuwa raina shi ne, in shi ne, me zan ce wa waɗanda suka ci wainar? Na ga mutumin yana hawa matakalar benenmu da ƙafarsa, ana nuna masa ni ana cewa ga wadda ta yi maka sadakar uku. Ban roƙi Allah ya sa ba shi ba ne, ban kai nan ba. Amma ban roƙa ya sa shi ne ba.

Hoton ya buɗe. Wani dattijo ne mai sanƙo, ba shi ba ne.

Sai na ji numfashi ya fita daga ƙirjina, mai ƙarfi, irin na wanda ya sauke kaya. Ɗakin shiru, kowa ya ji. Inna ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar. Ba fushi a idonta. Ta ce, "Ma'alish, ba komai, ya bitti. Kin huta." Ta dafa bango ta fita.

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na zauna a ƙasa. Ranar ce na san cewa ba don mamaci nake ta kare wainar nan ba.

Daga nan na daina ƙirga kwana. Ita ce ke ƙirgawa, ban sani ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na gan ta tsaye da tanda a hannu ɗaya, ledar shinkafa a ɗayan. Ta ce, "Gobe kwana arba'in da ruwan. Matsa in wuce."

Ta zauna a kujerar roba a ɗakin girkina kamar nata. Na fara cewa, "Inna, ki yafe..." ta ɗaga hannu.

"Jiƙa shinkafa."

Na jiƙa. Na ɗauka ta sallama, sadakar arba'in za a yi. Ashe ba haka ba ne. Ta ce kakanta da ya bar gida zai tafi Makka, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Uwarsa duk shekara sai ta toya waina ta raba, ba ta mamaci ba, ta matafiyi, Allah ya buɗe masa hanya. Ta ce, "Mu mutanen hanya ne. Mun san jira. Ku da kuka zo a jirgin sama awa biyar, ina za ku sani."

Washegari da na ɗauko yis ta ce in mayar. Da tsohon ƙulli za a tayar da shi, yadda uwarta ke yi, ta zo da ɗan tsami a kofi. Muka rufe robar muka zauna. Ƙullin ya ƙi motsi. Na buɗe na leƙa, ta doke mini hannu. Na sake buɗewa, ta sake dokewa. Ta ce, "Kina leƙa shi yana jin kunya." Azahar ta wuce. Sai dab da la'asar ya taso ya yi ƙwai-ƙwai a sama, ƙamshinsa ya cika ɗakin, irin wanda nawa bai taɓa yi ba.

Da na gama toyawa na ɗauka ita za ta raba, ko Malam. Ta ce, "Bakin da ya kashe shi, shi zai je ya tashe shi. Ƙofar masallacin nan dai, ba wata ba."

Na tsaya a inda na tsaya wancan karon, da roba biyun nan dai. An idar da magariba, rana ta faɗi, amma fuskata tana ƙuna. Na farko da ya fito na miƙa masa na ce, "Sadakar matafiyi ce, ɗan Inna mai turare. A roƙa masa Allah ya dawo da shi gida." Muryata ta fito siririya, ni da ake jin cinikina daga ƙarshen layi. Wasu suka karɓa suna kau da kai don kada su ƙara mini. Wani ya danne dariya. Sai ga mai gemun. Ya dubi robar, ya dube ni, ya ce, "Matar Malam, ba wanda aka tabbatar ba ne?"

Na ce, "Ba wanda ya tabbatar. Ni na faɗa, ƙarya na yi. Yana hanya."

Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya kawo shi lafiya. Na ce amin. Sai da na faɗi maganar nan ga kowane mutum ɗaya, har robar ta biyu ta ƙare, don na san in na tsallake ko ɗaya za ta tambaye ni, ni kuma ba zan iya yi mata ƙarya ta biyu ba.

Da na dawo na same ta tana nan a kujerar roba, wayarta a cinya. Ta ware waina biyu a ƙaramin faranti, waɗanda gefensu ya ƙone. Ta ce, "Rufe masa waɗannan." Na ɗauko kyalle na rufe. Ta tashi da ƙyar, ta ɗauki farantin, ta bar tandar a kan murhu. A bakin ƙofa ta ce, "Aro ne fa." Na ce na sani.

Har yau wayarsa ba ta shiga. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau hawa na biyar in zauna kusa da soket, ita tana kira, ni ina tsinke mata itacen turare. Sau da yawa magana takan taso mini har maƙogwaro. Sai in ci gaba da tsinkar itacen.